Da Tumbin Wa Aka Yi Lissafin?

Jama'a, ranar Asabar na yi tafiyar kilomita huɗu a Kumasi, a bayan masu busa ƙaho, kuma na kwana da yunwa. Ku saurara ku yi mini hukunci.

Tun da nas ta ce jinina ya hau, matata Dufie ta kafa doka: babu sakwara sai wayata ta nuna na ƙona kalori ɗari huɗu. Sai Mai Girma Uban Kwamitin Rage Tumbi, Allah ya ƙara masa faɗi, ya sanar a rediyo cewa tattakin lafiyar da suka shirya yana ƙona ɗari biyar cif. Na ce wa Dufie ta jiƙa turmi.

Mun taka, mun yi rawa, gumi har cikin takalmi. Shi kuwa Mai Girma yana biye da mu a mota, gilashi a rufe, yana ɗago mana hannu don kada mu karaya. A bakin fili ya sauko, ya yi taku goma, aka ɗauki hoto. Na duba waya: ɗari biyu da sha ɗaya! Na girgiza ta, ko gezau.

Na tari maƙwabcina Ticha Boakye, tsohon malamin lissafi.

"Ticha, wayar nan ta cuce ni."

"Kilo nawa kake?"

"Sittin da tara."

Ya yi dariya har da tari. "Kofi, lissafin da nauyi ake yi. Mai nauyi ya fi ƙonawa. Da jikin Mai Girma suka auna, ka ga kuwa shi biyunka ne da 'yan kai."

"To ai bai taka ba!"

"Da ya taka, da ya ƙona. Kwamiti ya amince da hakan."

Wallahi raina ya ɓaci. Hanya ɗaya, rana ɗaya, amma ko a gumi sai an fi talaka kaso.

Na kai wa Dufie bayanin tiryan-tiryan. Ta dubi waya, ta dube ni, ta kifa turmi.

"Kwamiti ya ba ka sakwara," in ji ta, ta turo mini dafaffen ganye.

Yanzu ga inda nake: sai na yi ƙiba zan ƙona abin da zai kai ni ga sakwara, kuma sai da sakwara zan yi ƙiba. Na daina zagin manyanmu kan ci. Ashe bayin Allah shirin motsa jiki suke yi.