Ta'aziyyar Kakar da Ba Tawa Ba

Ni mutum ne mai duba saƙo sau uku kafin in tura, ko dai haka nake zato. Shekara biyu ina nazarin littattafan wani marubuci, duk a kan zuri'a ɗaya ta masu gonar auduga a kudancin ƙasar Amurka, arzikinsu na zubewa littafi bayan littafi. Na rubuta a kundina cewa, mai yiwuwa, mutuwar kakarsu ce za ta rufe gidan. Abokin karatuna Nura ya musa.

Ranar da littafin ƙarshe ya fito, na kai shafin ina tsalle a ɗakina na unguwar Setapak, can ƙasar wajen da muke karatu. Na rubuta wa Nura: "Kaka ta rasu! Gida ya watse, an sayar da gona!" Na kashe waya.

Ashe guruf ɗin 'yan Arewa na tura wa.

Bayan la'asar sai ga mutum tara a ƙofata. Shugabanmu, Dakta Sani, ya riƙe hannuna ya ce, "Ya haƙuri?" Matarsa ta aiko da tuwo, wani ya yo tapau, wato ƙunshin abinci, daga gidan abincin da ake kira mamak. Har an ɗaga hannu za a yi addu'a na ce, "Wato, Dakta... a littafi ta rasu."

Ya sauke hannu a hankali. "To tuwon dai ba zai koma ba."

Har yau, duk Juma'a a masallaci, sai wani ya matso ya sassauta murya: "Ya ƙarin haƙuri? An raba gadon?"