Kwanon Farfesa

Da furfurata na koma karatun digiri na biyu a Gusau, ina binciken yadda lissafi zai hango yaɗuwar ƙwayar cutar mura. Rannan lissafin ya fito mini tsaf: in aka ci gaba da ci a kwano ɗaya, kafin Juma'a duk garinmu Tsafe zai kwanta, har da awaki.

Ban jira malamina ya duba ba. Na nufi majalisarmu, inda tun muna samari muke haɗa hannu a kwanon tuwo, na zaro ɗan kwanona da cokali, na zuba musu lacca.

Alhaji Sani, babbanmu, ya tsaya da loma a hannu. "Malam, wato mu ne cutar?"

"Alhaji, ba ni na faɗa ba, ilimi ne."

Aka zuba mini nawa, na koma bakin tabarma. Suna can suna wasoson nama suna dariya, ni kuwa daga ni sai ƙarar cokalina, kamar mai takaba.

Da malamina ya duba, ya ce na tara inda ya kamata in ɗebe. Wato a lissafin, duk wanda ya warke, na sake kwantar da shi.

Na koma majalisa, na wanke hannu, na matso. Alhaji Sani ya janye kwanon a hankali.

"A'a, kada mu kashe ma ƙasa masani. Ku zuba ma Farfesa nashi daban."

Har yau, ko taron suna na je Bungudu, kafin in gama gaisawa an aje mini nawa can gindin katanga.