Tsohuwa Ta Rasu A Tsakiyar Waƙa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama mai ɗaure da bandeji, Malam Luka Bawa, mai walda a sashen gyare-gyare na jami'ar nan ta Wudil, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Tsohuwa, akwatin rediyonsa, wadda ta cika ranar Asabar da ta wuce, wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a gindin darbejiyar ƙofar gidansa. Ta rasu tana da shekara ashirin da bakwai. Ba jinya ta yi ba, ba kuma tsufa ne ya ɗauke ta ba. Kashe ta aka yi, kuma wanda ya yi kisan shi ne ke zaman makokin.

A kasuwar Juma'a ya same ta, shekarar da ya baro Zuru ya zo neman abinci garin nan. Baƙa ce, mai madaurin fata, batir huɗu take ci ta yi mako uku ba ta nemi ƙari ba. Duk wanda ya san marigayiya ya shaide ta da haƙuri. Aibinta ɗaya ne: tana cikin magana sai ta ɗauke wuta, ta koma shuuu, ba za ta dawo ba sai an mare ta a kuncin hagu. To, marin mai walda ba wasan yara ba ne. Ta sha shi da safe, ta sha shi da yamma, ta sha da tafin hannu, ta sha da bayan takalmi. An taɓa jifan akuya da ita. Haƙarƙarinta ya tsage aka ɗaure da robar taya, murfin bayanta ya faɗi aka liƙe da kwali. An ce mai haƙuri kan dafa dutse ya sha romonsa. Tsohuwa dai ta dafa, romon ne ba ta gani ba.

Babban aikin alherinta shi ne shirin Murya da Tsirkiya, wanda wani gidan rediyo na Kano ke sakawa kowace Asabar daga huɗu zuwa biyar. Mawaƙi ɗaya ake kawowa, da abin kiɗa ɗaya, ko gurmi, ko molo, ko garaya, ko jita, ya rera abin da ya ƙirƙira da kansa, kai tsaye, babu injin gyaran murya, ba a kuma maimaita shirin. Ta bakin Tsohuwa ana jin ƙarar yatsa a kan tsirkiya, ana jin mawaƙi ya ja numfashi, har kukan kujerar da yake zaune a kai. A wannan awa ba a daka a gidan Malam Luka, ba a tari da ƙarfi. Maƙwabcinsa Malam Mudassir kan idar da la'asar ya taho da tabarmarsa. Nan za ka ga ƙaton mutum mai lanƙwasa rodi da hannu yana share hawaye saboda ɗan wani ya rera kewar mahaifiyarsa. Gefen ƙafarsa kuwa, tun tana rarrafe, 'yarsa tilo Godiya ce zaune, kunnenta manne da marigayiya.

Abin da aka shuka shi ke tsirowa. Godiya ta fara taɓa jitar coci, daga baya ta mallaki tata, ta shiga haɗa waƙoƙinta. Malam Luka kuwa injiniya yake son gani a gidansa. Yana son waƙa ƙwarai, amma a bakin 'ya'yan wasu. Shekara huɗu ke nan, wata Asabar, ya samu labarin ta bar jarrabawa ta tafi Kano kiɗa. Da ta shigo gida, bai yi dogon zance ba. Ya kama jitar ta wuya ya maka ta a kan turmi sau uku, katako ya tarwatse har cikin tukunyar miya, Tsohuwa na gefe tana ta zuba gurmi, don babu wanda ya tuna ya kashe ta. Godiya ba ta yi kuka ba. Ta haɗa kayanta ta koma Kano, kuma tun ranar ba ta ƙara ce wa uban ko sannu ba, sai dai ta kira uwarta Mairo.

Bayan mako guda eriyar marigayiya ta karye a hannun wanda kuka sani. Malam Luka ya zaro tsirkiya ɗaya daga ɓaraguzan jitar, ya ɗaura kanta a gindin eriyar, ɗaya kan a reshen darbejiya. Tun da Tsohuwa take ba ta taɓa fitar da murya tas irin ta waɗannan shekaru huɗu ba. Bai taɓa faɗin inda ya samo wayar ba, kuma duk layin an sani.

Ajali ya fara sallama ranar Alhamis. Mairo ta ajiye masa tuwo ta ce, "Maigida, 'yarka za ta yi waƙa a shirin naka jibi. Ta ce a gaya maka akwai taka a ciki."

Ya ce shi ba shi da wata 'ya mawaƙiya. Washegari aka gan shi a shago yana sayen batir huɗu sababbi, har yana lasar kansu don ya tabbatar.

Ranar Asabar tun uku da rabi yana kan kujera. Marigayiya ta buɗe baki lafiya lau. Ta kawo muryar mai gabatarwa, ta kawo tin, tin, tin na ɗaure tsirkiya, sannan ta kawo muryar da rabonsa da ita shekara huɗu. Waƙa biyu suka wuce bai ƙifta ido ba. Sai Godiya ta yi gyaran murya ta ce, "Wannan ta babana ce, yana Wudil." Jita ta ɗauka a hankali.

"Baba mai hannun ƙarfe, kai ka koya mini sauraro.
Ranar da ka ɗaga hannun nan, Baba, ni na..."

Shuuu.

Ya mare ta. Shuuu. Ya ƙara. A al'ada mari na uku ke dawo da ita, ya ba ta na uku, na huɗu, na biyar. Tsoro ne ya kama shi, tsoro tsantsa, cewa amsar shekara huɗu tana wucewa a iska shi bai ji ba, kuma shi mutum ne da tsoronsa ke fita ta hannu. Ya dunƙula ya kai mata naushi, gilashin fuskarta ya fashe ya yanka masa yatsu. Ya fizgo ta daga reshe, ya ɗaga ta sama da hannu biyu ya rafka a kan turmin nan dai. Batura suka gangara kwata. Sifika ta yi tsalle ta faɗa cikin kaji. Jini na zuba, shi yana ta dukan abin da ya rage, sai da Malam Mudassir ya rungume shi ta baya yana salati, yana cewa, "Malam Luka, ya isa! Gawa kake duka!"

A faranti aka kai ta wurin Halliru mai gyara. Ya juya ta da sukundireba, ya girgiza kai. "Malam, wannan sai dai addu'a. Amma ka ga 'yar wayar nan ta cikinta? Ita ce ta saki tun tuni. Ɗigon dalma ɗaya ne maganinta. Da ka kawo ta shekara ashirin baya, da ko mari ɗaya ba ta sha ba."

Malam Luka ya juyo gida da farantin a hannu, Halliru ya ci gaba da aikinsa.

Abin da ke cinsa yanzu ya wuce rashin rediyo. Bai san yadda waƙar ta ƙare ba, yafiya ce ko Allah ya isa. Rabin layin sun ji ta a wayoyinsu. Mairo ma ta ji a madafa, ta fito ido jawur, da ya tambaye ta sai ta ce, "Mai waƙar tana raye, bakinta ƙalau. Kano ba sama ba ce." Daga nan ta bi gida-gida ta roƙi kowa ya kama bakinsa, kuma har yau ba a samu wanda ya fi tsoron Malam Luka a kan Mairo ba.

Marigayiya ta rasu ta bar batir huɗu marayu, da madaurin fata, da robar taya, da Malam Mudassir wanda bai san inda zai kai tabarmarsa ba. Ta kuma bar tsirkiya ɗaya. Ita kaɗai ce ta fita ba ko ƙwarzane, an same ta tana lilo a reshen darbejiya.

Za a binne Tsohuwa ranar Juma'a da yamma a gindin bishiyar da ta yi wa hidima. An hana turmi halarta. Ana karɓar gaisuwa har zuwa ranar, ana kuma roƙon masu zuwa da kada su kawo sabon rediyo, kada kuma wani ya rera ko baiti ɗaya. Ranar Asabar babu zaman makoki, don mai gidan zai kasance a tashar mota tun da safe, da tsirkiyar nan a naɗe cikin aljihun gaba. Mairo ta rubuta masa kwatancen gidan. Ya ce zai ƙwanƙwasa ƙofar da hannun hagu, a hankali, sau ɗaya. In ba a buɗe ba, zai zauna ya jira.