Ɗan Ja, Jirgin Lambun Wasa, Ya Riga Mu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da har yanzu ke warin baƙin mai, direban ƙaramin jirgin ƙasa na lambun wasan yara yana sanar da jama'a rasuwar jirginsa, wanda aka fi sani da Ɗan Ja. Ya cika ne a kwanar bayan dutsen siminti, bayan doguwar jinyar tari da hayaƙi. Makanikai sun yi iya yinsu. Maganarsa ta ƙarshe ita ce wadda ya saba: "kuuu… cas-cas-cas."

Marigayin mai haƙuri ne. An yi masa amai, an goga masa majina, an liƙa masa cingam a kujeru, ko sau ɗaya bai sauka daga layi ba. Tafiya kuwa ya sha ta, sai dai bai taɓa zuwa ko'ina ba.

Direba ba zai yi ƙarya a gaban gawa ba: lambun nan bai taɓa kwanta masa a rai ba. Dutse na siminti, zaki na roba, waƙa ɗaya tun safe har kai ya yi ciwo. Ga yaran da ke manna fuska a jikin wayar shinge, suna ɗaga hannu ga jirgin da ba za su hau ba. Amma fa da jirgi ya motsa, ko dattijo mai gemu sai ka ga haƙoransa a waje.

Ƙa'idar aiki ce kowace safiya a yi zagayen gwaji, jirgi babu kowa, kafin a buɗe ƙofa. A zagayen nan ne autar direba takan laɓe a taragon ƙarshe, ta ce, "Baba, kada ka waiwayo, ba na nan!" Da sun shiga kwana sai ta ja igiyar ƙararrawar baya. Zazzaɓi ya ɗauke ta tun ba ta yi famfara ba, Allah Ya jiƙan ta. Tun daga nan direba bai fasa zagayen ba, bai kuma taɓa waiwayawa ba. Kullum a kwanar nan ƙararrawar baya sai ta yi ƙara. Makanikai sun ce girgizar layi ce. Matarsa, wadda ta rantse ba ta ƙara taka lambun, takan ce, "Haba Baban Auta, ƙarfe ne fa." Amma duk dawowarsa gida sai ta tare shi a ƙofa, murya ƙasa-ƙasa: "Yau ma an ji?"

Marigayin ya bar lilo mai juyi, da motocin karo, da mata da mijin da ba su da sauran inda za su ji ɗuriyar 'yarsu.

Za a yi jana'iza gobe da safe, kafin masu sayen tsofaffin ƙarafa su iso da wutar yanka ƙarfe. Ma'aikata za su tura gawar da hannu, zagaye ɗaya, direba na gaba. Matarsa ta ce za ta zo. Ana roƙon jama'a a yi shiru a kwana, kada kowa ya zauna a taragon ƙarshe, kuma don girman Allah, ko me aka ji, kada wanda ya ce wa direba ya waiwaya.