Yadda Za Ka Haɗa Wa Yara Kwamfutar Wasa, Bisa Koyarwar Armiya'u Mai Gero

Kai mai 'ya'ya, matso kusa. In ka bi matakan nan, na ba ka tabbacin yaranka za su daina yawon gidan gem, su tsaya a bayanka kamar an dasa su. Hanyar ba tawa ba ce, ta Armiya'u ce mai sayar da gero a kasuwar Ƙaura. Shi ne ya yi wa 'yarsa Surayya alkawarin abin wasa in ta haddace izu biyar. Ta haddace, ta kuma riƙe maganar gam.

1. Tono gawar

Duk gidan da aka taɓa yin ɗan boko akwai tsohuwar kwamfuta a yashe. Armiya'u a bayan buhuna ya samo tasa, ta ƙaninsa ce tun yana poli. Karkaɗe ta a tsakar gida kashin ɓera ya zube. Abin da ya ƙi fita bar shi, wataƙila shi ke riƙe da ita.

2. Kai ta wurin mai gyara

Hau mashin ka rungume ta kamar mara lafiya. Duk abin da mai gyara ya faɗa, ka ce kai ma haka ka yi zato. Da aka gaya wa Armiya'u ƙwaƙwalwarta ta yi ƙaranci, sai ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce tsufa ke nan. Aka zuba mata wasan wani ɗan mutum mai tsallake ramuka. In ya faɗa rami, an ce ka mutu, sai na gaba ya karɓa.

3. Ɗanɗana tukuna

Uba nagari ba ya miƙa wa yaro abin da bai ɗanɗana ba. Armiya'u ya zauna gwaji, Surayya da ƙanenta Jamilu suna tsaye.

"Baba, ni hwa?" in ji Surayya.

"Dakata. In na mutu, sai ke."

Wannan jimla ita ce ginshiƙin aikin, ka haddace ta. In ka faɗa rami, ce hannunka ne ya zame. Armiya'u kam har ya gwanance, ya daina faɗawa. Yarinyar ta ba ni tausayi, ko allon ba ta taɓa ba.

4. Hana mahaifiyarka zuwa

Nan malamin namu ya yi sake. Hajiya ta zo daga Zurmi, bayan la'asar ta ji Surayya ta ɗaga hannu sama: "Allah shi sa Baba shi mutu yau, kahin a ɗauke wuta."

Jamilu ya shafa da ƙarfi: "Amin!"

Hajiya ta saki salati har maƙwabta suka leƙo. Armiya'u ya fito yana dariya, wai ai wasa ne. Surayya kuwa ta fashe da kuka.

"Hajiya, kullum roƙo nikai, ya ƙi mutuwa!"

Armiya'u ya daina dariya. Ya ja kujerar kwamfutar ya zaunar da Surayya.

Gargaɗi

Ni hanya kawai na nuna. In kwamfutarka ta yi hayaƙi, ko Hajiyarka ta ce a kira malami ya yi wa jikokinta tofi, babu ruwana, kada a nemo ni. Armiya'u dai bai sake zama kan kujerar ba, amma har yau in Surayya ta ɗaga hannu bayan salla, sai ka ga ya kasa kunne.