Yadda Za Ka Kashe Yistin Surukinka da Bokiti Biyu na Agrasta

Kwantar da hankalinka, ka zo inda ya dace. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya ba tsallake, na yi maka alkawari cikin kwana tara za ka haɗa giyar da ƙauyen matarka ba zai taɓa mantawa da ita ba, kuma sunanka zai shiga bakin kowa daga ƙofar coci har layin kanti. Ni Kostas na gwada da hannuna bara da rani, a wani ƙauyen Turai kusa da garin Biržai, ga shi har yau in na wuce ana nuna ni da baki.

Mataki na 1: Auri 'yar gidan giya

Ba kowane gida ba. Nemi gidan da ake yin giya tun kaka da kakanni, inda maigidan yake da yistinsa na gado. Nawa surukin, Anisetas, yana ajiye nasa a kwalba, ɗaure da igiya, rataye cikin rijiya inda sanyi yake. Kakansa ne ya fara kiwonsa. Duk giyar da aka yi, sai a kwashi kumfar sama a mayar cikin kwalbar, haka yake ta rayuwa shekara ɗari da ɗoriya. Ranar da na fara zuwa neman Milda, sai da aka kai ni na gai da kwalbar nan kafin a nuna mini uwar yarinya.

Zai ba ka labarin yadda yistin ya ga yaƙi, ya ga zamanin gonar gwamnati, bai mutu ba. Ka riƙa gyaɗa kai. Akwai wurin da yake yin tari ya tsallake: shekara takwas da aka kwashe iyalinsu aka kai Siberiya, uwar maƙwabcinsa Bronius ce ta riƙe kwalbar a rijiyarta, da suka dawo ta raba biyu ta miƙa musu rabi. Kada ka tambaye shi wannan. Shi da Bronius shekara goma sha tara ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Mataki na 2: Jira ya faɗo daga tsani

Wannan sai haƙuri. Ni shekara shida na yi ina wanke ganguna, ba a taɓa barina na riƙe igiyar rijiya ba. Sai da ya rage mako uku a yi wa 'yata Rasa baftisma, an gayyaci mutum sittin, sannan tsoho ya hau gyaran rufin rumbu ya sauko ba ta hanyar da ya hau ba. Ƙafa ta karye, aka ce sai ya kwana tara a asibiti.

Zai kira ka bakin gado, ya dube ka kamar mai shirin ba akuya ajiyar kabeji.

"Ɗan birni, buɗe kunnenka. Abu huɗu ne: ruwa, sha'ir, furen ɗaci, yisti. Nawa na ce?"

"Huɗu, Baba."

"In ka ga na biyar, ko Fafaroma ne ya miƙo maka, ka ce ka ƙoshi. Yistin kuma rabi za ka zuba, rabi ka bari a kwalba. Maimaita."

Ka maimaita da ladabi. Masana sun tabbatar cewa abin da aka maimaita da baki ba dole ba ne ya kai hannu.

Mataki na 3: Gano abu na biyar

Ba sai ka yi nisa ba. Tsakanin gidan surukinka da na Bronius akwai jerin itacen agrasta guda goma sha ɗaya, gajerun itatuwa masu ƙaya da ƙananan 'ya'ya masu tsami, su ne ma dalilin gabar. Da aka mayar wa mutane filayensu, mai awon ƙasa ya ja layin iyaka ta tsakiyarsu ya shiga motarsa ya tafi. Tun daga ranar kowa yana cewa nasa ne, kuma ba mai tsinka, don wanda ya fara miƙa hannu shi ne mayunwaci. Duk shekara 'ya'yan su nuna, su yi ja, su zube, kaji su ƙoshi.

Kai mai ilimi ne, ba ka son asara. Ɗauki bokiti biyu. Ƙaya za ta yayyage maka hannu har gwiwa, ka daure, babu gwanin da ba shi da tabo. Kana cikin tsinka za ka ji inuwar Bronius a kanka.

"Sannu da aiki, mutumin birnin Kaunas. Me za a yi da su?"

"Giya."

Bronius zai cire taba daga baki, ya daɗe yana kallonka.

"Da yistin Anisetas?"

"Da shi."

"To ka tafasa su tukuna. Fatar nan da ka gani da gashi-gashi, akwai nata yistin na daji a jiki. In suka haɗu da na gida, na daji ke cinye na gida."

Ka yi murmushi ka yi gaba. Shawarar abokin gabar surukinka ce, karɓarta cin amana ne. Ban da haka, wani mutum a cikin wayarka ya ce tafasawa tana kashe ƙamshi, kuma shi gemunsa ya fi na Bronius gyara.

Mataki na 4: Fake da al'ada

Niƙa sha'ir mai tsiro, jiƙa shi da ruwan zafi a babban baho na katako, tace ta cikin kara, dafa furen ɗaci, wanda ke ba giya ɗacinta, daban ka juye. Bar shi ya huce har ya yi ɗumin madarar da aka tatso yanzu. Sannan ka murje agrastarka ɗanya ka antaya.

A nan ne matarka za ta shigo. Kada ka ji tsoro, al'ada tana bayanka. Kowa ya sani muddin giya tana tashi, ba a buga ƙofa a gida, ba a ɗaga murya, ba a faɗa, in ba haka ba ta yi fushi ta kwanta. Milda ta dubi bahon, ta dubi bokitan, ta dube ni. Sai ta yi wani murmushi da ban taɓa gani ba tun da muka yi aure.

"Kostas, masoyina," ta ce a hankali kamar mai lallashin jariri, "me ke yawo a cikin giyar babana?"

"Sabon salo ne."

"Madalla. Kwana biyu ne dai tashin, ko? Zan ajiye maganata, ba za ta lalace ba."

Surukata Gene kuwa alamar gicciye ta yi, ta fita, ta rufe ƙofa a hankali har ba ka ji ƙararta ba. Ka more kwana biyun nan, ba za ka sake samun irin zaman lafiyar ba.

Mataki na 5: Juye kwalbar duka

Wannan shi ne zuciyar aikin, in ka tsallake shi wahalar banza ka yi. An ce rabi, amma wancan lissafin na abu huɗu ne, kai kuwa biyar gare ka. Juye duka. Wanke kwalbar tas, tunda shekara da shekaru ba wanda ya kula da tsabtarta. Bayan kwana biyu ka kwashi sabuwar kumfa ka cika ta, ka mayar rijiya, ka ɗura giya a ganga ka toshe. Za ka ga kumfar ta ɗan yi yauƙi. Alamar ƙarfi ce.

Mataki na 6: Kira maƙwabta ɗanɗano

Ranar da tsoho ya dawo da sandunansa biyu, maƙwabta za su taru a tsakar gida a buɗe ganga ta farko, kamar yadda aka saba. Ka tsaya kusa da famfon gangar don yabo ya same ka kai tsaye. Mai kaɗa ƙararrawar coci shi ya fara kurɓa. Ido ya kawo ruwa, ya haɗiye da kyar don yana gidan mutane.

"Gene, in kina neman ruwan tsamin jiƙa kokwamba, kin huta bana."

Wata tsohuwa ta shinshina kofinta ta tambaya ko a cikin bargar doki aka ajiye gangar. Aka yi dariya har da riƙe ciki.

Anisetas bai yi dariya ba, bai ma kurɓa ba. Ya dogara sandunansa ya nufi rijiya, ya jingina, ya jawo igiya da kansa. Ya buɗe kwalbar ya kai hanci. Na shirya wa zagi, na shirya wa sanda. Shi kuwa sai ya mayar da murfin a hankali, ya riƙe kwalbar a ƙirji, ya ce:

"Babana ya ba ni shi da rai."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma da ƙasa ta tsage da na shige na ja ta na rufe. Ka tanadi wurin da za ka kalla, don ba za ka iya kallon fuskarsa ba.

Mataki na 7: Kada ka yi godiya

Saura kwana goma sha biyu biki, mutum sittin, ba giya, ba yisti. A kanti akwai na leda, amma in ka ambace shi a gidan nan ka nemi wani auren. Wuri ɗaya ne a duniya da sauran jinin wannan yisti yake, kuma kowa a tsakar gidan ya san wurin, ba dai mai iya faɗa.

Washegari da hantsi tsoho ya sa Gene ta dafa kwalbar a ruwan zafi. Ya sa ta a aljihun kwat, ya ɗauki sanduna, ya bi ta gibin da na yi a cikin agrasta garin tsinka. Muka leƙa ta taga mu uku. Ya tsaya a gaban Bronius ya fito da kwalbar wayam ya miƙa masa. Bronius ya karɓa, ya je rijiyarsa ya jawo igiya, ya raba abin da ke ciki biyu.

Ka san dai ba a godiya a kan yisti, in an gode mutuwa yake yi. A duk ƙauyen wannan ce kaɗai kyautar da Anisetas zai iya karɓa daga hannun Bronius.

"Kada ka gode," in ji Bronius.

"Da ma ban yi niyya ba."

"Na faɗa wa jakin nan ya tafasa su."

"Jakina ne, ni zan zage shi."

Maganarsu ta farko ke nan a shekara goma sha tara. Kuma tunda wanda ya ba da yisti dole a kira shi ya ɗanɗana abin da yistinsa ya haifa, Bronius ya zauna a bikin Rasa, a gefen tsoho, suna gardama a kan wanda uwarsa ta fi iya giya. Giyar abu huɗu ce, ta yi daɗi. Ni aka ba ni aikin wanke kofuna, kuma an yanke cewa daga bana ni zan riƙa tsinke itatuwan nan goma sha ɗaya, in raba biyu daidai, in miƙa wa matan gidajen su dafa da sukari. Milda ma ta kawo maganar da ta ajiye, ba ta lalace ba ko kaɗan.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da zai biyo baya, ko tsamin giya, ko ƙaya a hannu, ko kwana a rumbu. Ba ya karɓar ƙorafi, ba ya zuwa sulhu, ba a ma barinsa ya matsa kusa da rijiya. Kafin ka taɓa igiyar nan, leƙa ta kan shinge ka tabbata akwai wanda uwarsa ta taɓa riƙe wa gidanku rabi. In babu, mayar da kwalbar inda ka same ta, ka ci agrastarka ɗanya.