Hajiya Sannu Ta Rasu a Filin Tsere

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni Mukhtaru tela, mazaunin saman tudun Nakkasa a nan garin Harami mai alfarma, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan sana'a na Misfala cewa Luqman, ƙanin matata, ya kashe mini mota. Na kira sunansa tun daga farko domin kada wani ya zo gaisuwa ya ce mini tsufa ne ya ɗauke ta. Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, kuma na faɗi innalillahi kamar yadda aka umarce mu a kan kowace musiba, babba ko ƙarama. Amma ƙaddara ba ta hana a kira mai laifi da sunansa. Da ƙarya ya karɓi mukulli, da ganganci ya ƙarasa ta.

Marigayiyar ita ce farar motar nan da yaran unguwa suka raɗa wa suna Hajiya Sannu, saboda ba a taɓa ganin ta tana gaggawa ba. Ta rasu wata Asabar cikin Rajab na 1437, a wani filin tseren motoci da ke cikin rairayi ta wajen hanyar Jidda, wurin da ba ta san da shi ba a duniya, ni ma haka. A shekaru ta kusa kamo wanda ya kashe ta. A hankali kuwa ta wuce shi nesa.

Na same ta ne a hannun wani dattijo ɗan Yaman da idonsa ya yi rauni. Da zai miƙo mini mukulli sai ya shafa goshinta, ya ce kada in tsananta mata. Na riƙe wannan amana. Ban taɓa kai ta inda allurar gudu ke rawa ba, ban taɓa barin ta da ƙishin mai ko na ruwa ba, kuma ba a taɓa kunna kiɗa a cikinta ba.

Duk wanda ya san lungunmu ya san motar haya ba ta hawansa. Direba yakan leƙo ta taga, ya dubi tudun, ya ce, “La, la, ya Hajj,” ya juya abinsa. Ita kuwa sai in naɗe mata madubai, ta kama hanya da giya ta ɗaya tana nishi, hmmm, hmmm, bango na gogar ta dama da hagu, ba ta taɓa yin ƙorafi ba. In ta zo kwanar mai gashin burodi takan yi tari sau biyu, kuf, kuf. Da jin wannan tarin Khadijatu matata take ɗora shayi. Da safe kuwa ba ta tashi a kira na farko. Takan ce ƙir-ƙir-ƙir, ta yi shiru kamar mai neman a bar ta ta ƙarasa addu'a, sannan ta amsa.

Tun da birki ne ajalinta, wajibi ne in wanke birkinta a gaban jama'a. Lafiyarsa ƙalau. Birki ne na mai natsuwa, wanda aka saba masa da gangaren Nakkasa da cunkoson mahajjata masu tsallaka titi ba su duba ba. Da giya nake saukowa da ita, ƙafa sai dai taimako. In na taka takan ce ƙiii, siririyar murya mai ladabi, ta tsaya daidai inda aka ce ta tsaya. In na ajiye ta a ƙofar gida nakan ja birkin hannu, in kuma tokare tayar baya da wani baƙin dutse da nake yawo da shi a but. Ba don na raina ta ba. Tudunmu ne ba a wasa da shi.

Babban aikinta a duniya shi ne na ranar Juma'a. Surukata, Hajiya Ɗaso, mahaifiyar Khadijatu da Luqman, tana yarinya iyayenta suka iso da ita ƙasar nan ta hanyar Sudan, kuma tun da ta yi wayo ba ta yarda Juma'a ta same ta a wani wuri in ba Harami ba. Da gwiwoyinta suka ƙi, marigayiya ce ta zama ƙafarta. Mukan kama tsohuwar mu zaunar da ita a kujerar baya, mu naɗe kekenta na guragu mu saka a but, mu gangara har Misfala, daga nan Khadijatu ta tura ta zuwa ciki. A but ɗin nakan ajiye mata wata kula mai ɗauke da jarkar Zamzam a cikin ƙanƙara, domin in ta fito ta jiƙa maƙoshi. Shekara da shekaru haka muke, ba fashi.

To da sunan wannan tsohuwa Luqman ya zo mini. Mutum ne mai gemu, yana sayar da turare a Misfala, haifaffen nan, Hausarsa rabi Larabcinsa rabi. Ya tsaya a ƙofata da sassafe yana sunkuyar da kai, ya kira ni da alkunyar 'yata Salwa.

“Ya Abu Salwa, bas yau kaɗai. Ummi tana son Umara, zan kai ta Tan'im ta ɗauki niyya. Wallahi shiwayya-shiwayya, sannu-sannu zan tuƙa.”

Har na ji daɗi a raina, na ce yaron nan ya fara hankali. Na ba shi mukulli, na sauka shago a ƙafa. Don ƙaryar ta zauna, ita ma uwar ya gaya mata haka, ya ce zai sha mai ya dawo. Ta yi wanka, ta saka fararen kayanta, aka fito da ita bakin ƙofa a kekenta. Nan ta zauna da carbi a hannu har aka kira azahar.

Shi kuwa tuni ya biya wurin abokansa. Suka ce masa nauyi yana rage gudu. Sai ya kwance kujerar baya, kujerar uwarsa, ya jingine ta a bango. Ya sauke tayar ajiya. Ya jefar da dutsena. Kula kaɗai ya bari, don ya san zai ji ƙishi.

Na bincika, an ce mini wasu ranaku akan buɗe filin ga 'yan sha'awa, duk mai mota da hular kwano ya shiga ya gwada ƙarfinsa. Ba kyauta ake ci ba, ba wani gari ake zuwa ba. Ana zagaye ne a dawo inda aka tashi. Mutumin da aka haifa a garin da ake zagaye don neman lada, shi ne ya bar shi a baya ya tafi zagaye don neman tafi.

Jinyarta gajeriya ce. Sauran motocin wurin matasa ne masu faɗin taya, ita ce kaɗai dattijuwa a cikinsu, ana nuna ta ana dariya. Dariyar ce ta hau masa kai. Ya riƙa take ta a miƙe har ƙarshen totur, in ya zo kwana ya danne birki da dukkan ƙarfinsa, ya saki, ya sake dannewa, rana kuma tana tsakiyar ka. Abin da ba a taɓa nema a wurinta ba a shekara, shi ya nema a kowane zagaye. Sai wari ya fara tashi. Sai birkin ya yi laushi a ƙarƙashin ƙafarsa kamar ya taka soso. Wannan ita ce hanyar da mota take cewa ta gaji, kuma ya ji, domin ya fito da ita gefe, hayaƙi na fita ta tayoyin gaba.

Mutanen wurin ba su cuce shi ba, zan faɗi gaskiyarsu. Sun ce ya bar ta ta sha iska, ya haƙura da ranar. Sai ya ce yana da magani. Ya buɗe but, ya ciro jarkar Zamzam daga cikin ƙanƙara, ya yi bisimilla da babbar murya don a ji, ya kwarara wa faifan birkin da ya yi ja. Waɗanda suke wurin sun ce ta yi cuuu, tururi ya turnuƙe, sannan aka ji ƙas.

Ni ban zauna a aji ba. A gefen halkokin karatun malamai na tsinci ɗan abin da na sani, bayan na rufe shago. Amma ban taɓa jin malamin da ya ce a shayar da jan ƙarfe ba. Ruwan ba shi da laifi, ruwa ne mai albarka, ruwan sha ne da neman waraka ga bayin Allah. Kowace mace a unguwarmu ta san kofin gilashi mai zafi in ya ji ruwan sanyi tsagewa yake yi. Luqman ya ɗauki ruwan da aka tanadar wa maƙoshin uwarsa ya tsaga wa motata ƙashi da shi, sannan ya ce wa abokansa, “Halas, ta warke,” ya koma fili.

Abin da ya biyo baya na gan shi da idona, domin wani abokinsa ya ɗauka a waya, hoton ya yi ta yawo har ya iske ni a kan keken ɗinki. Na gan ta ta miƙo doguwar hanya, fara fat, gabanta na rawa. Na ga kwana tana matsowa. Na ga fitilun bayanta sun kama ja, alamar yana takawa, alamar ita ma tana son ta tsaya. Ban ji ƙiii ba. Ban ji komai ba sai iska. Ƙafata tana kan matakin keke, ban san lokacin da na danna da dukkan ƙarfina ba ina neman tsayar da ita, keken ya zura da gudu ya ɗinke bakin hannun jallabiyar mutane. Ita kuwa ta wuce. Ya fizgi birkin hannu, ta juya gefe, ta shiga tarin tsofaffin tayoyin da aka jera a bakin fili. Hon ɗinta ya maƙale. Haka ta yi ta kuka ita kaɗai a cikin rairayi, paaa, har wani mai tausayi ya cire mata batir.

Na maimaita kallon hoton nan fiye da yadda ya kamaci mai hankali. Duk kallo sai na taka ƙasa. Ba ta taɓa tsayawa ba.

Luqman ya fito ko ƙwarzane babu, kuma na gode wa Allah a kan haka, don uwarsa da 'yar'uwarsa. Da jikinta ta tare masa. Rabi'u bakanike ya duba gawar, ya ce man birki ya tafasa, faifai ya tsage, ƙashin bayanta ya karkace, babu gyara. Da na haɗu da mai laifin, abin da ya iya ce mini shi ne, “Ma'alesh, yi haƙuri ya Abu Salwa, ai hadid ne kawai, ƙarfe ne.”

Marigayiya ta bar kujerar baya, wadda aka tsinto a jingine da bango, har yanzu da shaidar zaman Hajiya Ɗaso a gefen dama. Ta bar tayar ajiya da ba ta taɓa taka titi ba. Ta bar carbin da ke rataye a madubi, da mukulli na biyu da ba shi da sauran ƙofar da zai buɗe. Ta bar baƙin dutse, wanda na je da kaina na nemo a cikin shara. Ta bar Salwa 'yata tana kuka, ta bar Khadijatu ba ta san lokacin ɗora shayi ba. Ta kuma bar Hajiya Ɗaso a saman tudu.

Wannan na ƙarshe shi ya fi ƙarfina. Ba ni da halin wata motar, in ma da hali, ina zan sami mai haƙurin hawa lungunmu? Bayana ya daɗe da lalacewa a kan keken ɗinki, ba zan iya riƙe tsohuwar a gangare ba. Ba zan kai ƙanin matata ga hukuma ba, ba zan kuma daki mai gemu ba. Da farko mun ɓoye mata, muka ce motar tana wurin gyara. Juma'a ta zo, ta sa aka shirya ta, aka zaunar da ita a bakin taga inda ake hango dogon benen agogon da ke gefen Harami. Ta ji kiran salla daga nesa. Ta bi huɗuba a rediyo. Juma'ar da ta biyo ma haka. Sai ta dube ni ta ce, “Baban Salwa, har yanzu ba a sallamo ta ba?”

Ban iya ƙara mata ƙarya a kan ta ɗanta ba. Na gaya mata komai, har da jarkar. Ba ta yi kuka ba. Ta ja carbinta ya zagayo, sannan ta ce a kira mata shi.

Ga yadda za a yi jana'iza. Gawar tana garejin Rabi'u a ƙasan tudu, lulluɓe da tamfol ɗinta. Ranar Alhamis bayan la'asar motar ɗaukar matattun motoci za ta zo ta kai ta tashlih, maƙabartar ƙarafa da ke bayan gari, inda za a raba sassanta ga masu buƙata. Babu wanka, babu likkafani, babu salla. Ƙarfe ce, na san wannan ba sai Luqman ya koya mini ba. Zan raka ta ni kaɗai, sai wanda ya ga dama. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gidana, a kan kujerarta ta baya, akwai shayi da dabino. Wanda zai ce Allah ya mayar da alheri, ina amsawa da amin. Wanda zai zo roƙa wa Luqman afuwa ya zauna a gidansa. Kada kuma wani ya sake nuna mini hoton nan.

Hukuncin mai laifi uwarsa ce ta yanke, ni shaida ne kawai. Daga wannan Juma'a Luqman zai rufe shagon turarensa da hantsi, ya hawo tudu a ƙafa. Zai sauko da Hajiya a kekenta da baya-baya, daga ƙofar gida har bakin titi inda motar haya ke tsayawa. In mota ta sauke su a Misfala, zai tura ta har cikin Harami. In an idar ya dawo da ita, ya turo ta sama cikin zafin rana, ya wuce kwanar mai burodi, har bakin ƙofa. Haka zai yi kowane mako har ranar da ita da bakinta ta ce ya isa. Keken ba shi da birkin da zai riƙe shi a gangaren Nakkasa, ƙafafun Luqman ne za su riƙe. Na ba shi dutsen.